Neman Kalmar Hausa: Me Za Mu Kira "Suburb" Irin ta Amurka?

Assalamu alaikum 'yan uwa masu sha'awar harshe. Kalmar da na kawo yau ita ce "suburb", kalmar Turanci mai nufin wurin zama da ke kewayen babban birni, wadda na sha gani ana fassara ta da "bayan gari" ko "ƙauye", kuma duka biyun ba su kwanta mini ba, domin na yi wata 3 a irin wannan wuri a jihar Ohio, a gidan ƙanen mahaifina, na ga abin da idona.

Gidaje ne a jere, kowanne da filin ciyawa a gabansa da garejin mota a gefe, amma a tsakaninsu babu shago ko ɗaya, babu mai shayi, babu wurin ibada. Kwanana 2 da sauka sukari ya ƙare, na ce bari in taka in sayo. Baffa ya yi murmushi ya ce, "Ɗana, a nan ba a zuwa ko'ina da ƙafa." Ban ji maganarsa ba. Na yi tafiyar minti 40, sai hanyar masu ƙafa ta ƙare a bakin wani titi mai layi 6 wanda ba shi da wurin tsallakawa, na tsaya ina hango kantin a ɗaya gefen, na juyo hannu rabbana. Da yamma kuma na ga maƙwabcinmu ya dawo daga aiki, ya danna wani abu daga cikin mota, ƙofar gareji ta ɗaga, ya shige, ta rufe. Har na bar garin ban san muryarsa ba.

Doka ce ta shimfiɗa wuraren haka. A shekarar 1926 Kotun Ƙolin Amurka ta amince wa hukumomin garuruwa su raba ƙasa, nan gidajen kwana zalla, can kasuwanci, kuma shari'ar daga garin Euclid na jihar Ohio ɗin ta taso. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka gina Levittown kusa da birnin New York, gidaje sama da 17,000 a tsoffin gonakin dankali tsakanin 1947 da 1951, sannan a 1956 Shugaba Eisenhower ya sa hannu a dokar gina manyan hanyoyi masu tsawon mil 41,000. Daga nan aiki ya koma can, kasuwa can, makaranta can, mota ce kaɗai ke haɗa su. Yaron da bai kai shekarun tuƙi ba, wato 16 a jihohi da yawa, sai ya jira uwarsa ta kai shi ko da wurin abokinsa ne, tsohon da ido ya hana shi tuƙi kuwa ya zama ɗan zaman ɗaki.

To, mu auna kalmomin da muke da su. "Ƙauye" bai dace ba, domin ƙauye yana da gona da sana'arsa, mutanen can kuwa a birni suke neman abinci, kwana kawai suke dawowa yi. "Bayan gari" a kunnen Bahaushe wuri ne na juji da maƙabarta da daji, ba wurin da mai albashi ke cin bashin shekara 30 don ya mallaki gida ba. "Sabon gari" tarihi ya riga ya ba shi ma'anarsa tun zamanin Turawa a Kano da Zariya, haka ma "Waje" a Kano, kuma duka biyun cike suke da kasuwa da hayaniya. 'Yan uwanmu na Nijar za su iya kawo takwararta ta Faransanci, "banlieue", sai dai a Faransa kalmar ta fi tuna wa mutane dogayen benayen talakawa, alhali wadda muke magana a kai ta masu rufin asiri ce. Aron kalmar ma ba zai yi ba, domin bakinmu zai mayar da ita "sabab", ta yi karo da "sababi".

Ga ma'anar gaba ɗaya, ina ganin "unguwar gefen birni" ta wadatar, ko da yake "unguwa" a wurinmu tana ɗauke da mai unguwa da majalisar ƙofar gida, abubuwan da babu su a can. Amma irin wadda na kwatanta tana bukatar sunan da zai fito da halinta, kuma Hausa ta iya raɗa irin wannan suna, kamar yadda ta yi a "a-kori-kura" da "a-daidaita-sahu". Da farko na so in ce "unguwar sai-da-mota", sai wani malamina ya ja hankalina cewa mai karatu zai ɗauka wurin sayar da motoci ake nufi, kuma ya yi gaskiya.

Saboda haka na tsaya a kan "unguwar sai-mota", jam'inta "unguwannin sai-mota". Na san ita ma tana da fuska biyu, domin "sai mota" na iya nufin babu fita sai da mota, yana kuma iya zama "sayi mota" yadda muke gajarta shi a magana, amma a nan kowace fuska aka ɗauka ta faɗi gaskiyar wurin. Ga yadda za ta zauna a jimla: "Sun tashi daga cikin birni sun koma wata unguwar sai-mota, yanzu ko burodi za su saya sai an tayar da inji." Malamai, wanda ya ji ta yi masa nauyi a baki, ya kawo tasa mu gwada ta a wannan jimlar.