Wa Ya Naɗa Benny Goodman Sarkin Swing?

Daga zauren WhatsApp na wasu tsofaffin ɗalibai a Gusau

Malam Sanusi: Jiya na raba dare ina sauraron Benny Goodman, mai busa kilarinet, doguwar baƙar sarewar nan ta Turawa. Amurkawa na kiransa Sarkin Swing, wato wani salon kiɗan jazz na rawa, ni kuwa na ce ya ci sarautarsa. Ɗan wani matalaucin tela ne Bayahude, an haife shi a Chicago a 1909, na tara cikin 'ya'ya 12. Yana shekara 10 ya fara busa, a 1938 ya cika zauren Carnegie, shahararren zauren kiɗa na New York, da jazz.

Hajiya Rabi: Malam, wa ya naɗa masa rawanin? A nan Zamfara, kafin a ce da mutum Sarkin Busa, an san gidansu, an san hannun da ya karɓi algaita. Jazz kiɗan baƙaƙen fata ne, daga New Orleans ya taso. Kuma da yawa daga cikin kiɗan da ya fito da Goodman, Fletcher Henderson ne ya tsara shi, baƙar fata, ya sayar masa bayan ƙungiyarsa ta watse a 1934. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Bello Kaura: Gaskiyar Hajiya. Ku tuna Sidney Bechet, baƙar fata, wanda ya riga Goodman shahara da kilarinet. Sai da rayuwa ta kai shi buɗe shagon ɗinki a Harlem, unguwar baƙaƙen fata a New York. Faransa ce ta san darajarsa, can ya rasu a 1959. Abin nan yana ci mini rai.

Malam Sanusi: Ban musa ba, Bello. Amma Henderson an biya shi, kuma ba a ɓoye sunansa ba. Sannan a 1936, lokacin da wariya ke da ƙarfi, Goodman ya hau dandali da Teddy Wilson, ya ƙara da Lionel Hampton, baƙaƙen fata, a gaban Turawa. Kasuwarsa ya jefa cikin haɗari. Azzalumi bai yin haka.

Hajiya Rabi: Ni ban ce azzalumi ba ne, Malam. Gwani ne, kuma wannan halin nasa ina jinjina masa. Sai dai rediyo da jaridun Turawa suka naɗa shi, masu kiɗan ba a tambaye su ba.

Bello Kaura: Malam, turo mana na Carnegie ɗin. Ni zan turo na Bechet bayan isha'i, kowa ya ji da kunnensa.