Tsohon injin yanka itace na mahaifina: yaya zan gane samfurinsa kafin in soma gyara?

Magajin Mai Katako ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san injin yanka itace, musamman tsofaffin nan masu nauyi da ake shiga kurmi da su. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya daɗe yana sana'ar yankan katako a dazukan kudancin Taraba, kuma da ƙarfinsa ya ƙare sai ya dawo gida da injinsa, ya naɗe shi a buhu ya ajiye a sito. A makon jiya muna kwashe kayan siton saboda rufin ya soma yoyo, sai na ci karo da shi a ƙasan wasu tsofaffin kwanonin rufi, kuma a lissafina ya haura shekara 15 ba wanda ya taɓa shi.

Sunan Stihl yana nan a jikinsa, amma ɗan farantin da ke ɗauke da lambar samfurin ya faɗi, ramukan ƙusoshinsa kawai suka rage. Na ga lamba 1106 a wurare da dama, na ɗauka ita ce sunan injin, amma da na je wajen masu sayar da kayan gyara sai ɗaya ya ce mini 070 ne, maƙwabcinsa kuma ya rantse cewa 090 ne, kowanne yana miƙo mini fistin dabam. Igiyar tana janyuwa da ƙyar, sarƙar ta yi tsatsa ta daskare, a gindin injin kuma akwai wani farin gari kamar toka. Ƙanena ya zuba masa fetur don mu gwada, nan take man ya tsiyaye ta ƙasa. Ba sayarwa nake so in yi ba, so nake ya tashi. Ta ina zan fara?

Bakanike daga Kaduna ya amsa:

Wa alaikumus salam. Allah ya gafarta wa Baba. Abu na farko, Malam, ka hana kowa sake jan igiyar nan, domin injin da ya yi shekara 15 a kwance ba shi da ɗigon mai a bangon silindarsa, kuma duk jan da aka yi masa a bushe kankarar fistin ake yi. Ka cire fulogi, ka zuba ɗan cokalin man 2T ta ramin, ka bar shi ya kwana.

Lambar 1106 ba sunan injin ba ce, lambar dangi ce. Kamfanin yana fara lambar yawancin kayan gyara da lambobi huɗu masu nuna gidan da kayan ya fito, kuma gidan 1106 ya haɗa injuna uku: Contra, wanda ya fito a 1959, da 070 da 090 waɗanda suka biyo bayansa a 1968. Shi ya sa masu shagunan nan biyu ba lallai ne wani cikinsu ya yi maka ƙarya ba, domin daga waje injunan kamar an tsaga kara suke. Bambancin yana cikin silinda. Faɗin ta 070 milimita 58 ne, girmanta wajen cc 106, ita kuwa ta 090 milimita 66 ce, cc 137.

Ba sai ka kwance injin ba kafin ka auna. Ka cire salansa, ka juya injin a hankali da hannu har fistin ya sauka ƙasa da ƙofar hayaƙi, sannan ka zura siririn tsinken itace mai laushi ta ƙofar har ya taɓa bangon da ke ɗaya gefen. Daga nan ka ɗago fistin sannu a hankali har gefensa ya ɗan ciji tsinken, ka saukar da shi, ka zaro tsinken ka auna daga bakinsa zuwa inda aka cije. Tazarar milimita takwas ba ta ɓuya. Ina fifita wannan awo a kan duk wani rubutu da ke jikin murfi, saboda mutanen daji sukan ɗora silindar 090 a kan kaskon 070, wato gangar jikin injin da silinda ke zaune a kai, murfi kuwa ana sauya shi kamar hula. Abin da tsinken ya nuna shi za ka saya.

Tun da salansar tana hannunka, ka haska tocila ka dubi fistin. Idan ka ga dogayen zane-zane daga sama zuwa ƙasa, ka sa farce ka ji ko yana kamawa. Silindar waɗannan injuna ta alminiyam ce da aka shafe cikinta da wani siririn ƙarfe mai tauri, saboda haka ba a kai ta a faɗaɗa yadda ake yi wa ta babur. Duk wanda ya ce zai faɗaɗa maka ita, kashe ta zai yi. Sau da yawa abin da ake gani kamar rauni a bangon, narkakken alminiyam ɗin fistin ne ya manne, kuma samfefa mai laushi da haƙuri suna ɗauke shi. In har shafen bai ɓare ba, tsohuwar silindar Jamus ta fi mini sabuwar da ban san inda aka ƙera ta ba.

Game da shekarunsa, ka goge kaskon da kananzir ka nemi lambar da aka buga da guduma, ba wadda aka zubo tare da ƙarfen ba. Galibi tana wajen salansa ko kusa da haƙoran nan da ake kafawa a jikin itace. A tsarin lambobin kamfanin na baya-bayan nan, idan ta fara da 1 a Jamus aka yi injin, 2 Amurka, 3 kuma Brazil, amma ba ta faɗin shekara kai tsaye. Abin da ya fi sauƙi shi ne ka duba ko an rubuta Made in West Germany, wanda zai nuna maka cewa wannan ɓangaren ya girmi haɗewar Jamus ta 1990.

Tsohon Ma'aikacin Kurmi ya amsa:

Ɗana, na yi aiki da irin wannan inji har ƙarfina ya ƙare kamar mahaifinka, saboda haka zan ƙara a kan abin da bakanike ya faɗa, wanda duk gaskiya ne. Farin garin da ka gani a gindin injin shi ya fi damuna, ba tsatsar sarƙa ba. Kaskon ba alminiyam ba ne, magnesiyam ne, kuma idan ya daɗe a kan siminti mai danshi yakan cinye daga ƙasa ya zama gari. Mai yiwuwa ta nan fetur ɗin ƙanenka ya zube, ko da yake tiyon mai da ya bushe ko gaskit da ya mutu ma suna iya jawo haka. Ka kankare wurin da burushin waya, ka tsokana da bakin ƙusa ka ga ko ya huje. In ƙananan ramuka ne, gam ɗin ƙarfe mai haɗi biyu yana riƙewa muddin an wanke maiƙon sarai. Kada ka kai wa mai walda ya sa masa wuta a matsayin alminiyam, domin magnesiyam yana kamawa da wuta mai tsananin haske wadda ruwa ba ya kashewa. Mai shakka ya ɗiga ruwan tsami na binega a inda aka kankare, zai ga yana kumfa, alminiyam kuwa shiru zai yi.

Sai maganar haɗin mai. Mu a zamaninmu 25 da 1 muke yi, wato galan mai lita 4 na fetur a zuba masa mililita 160 na mai. Na san yanzu kamfanin yana cewa 50 da 1 idan da nasa man ne, wanda ya kama mililita 80 a galan, amma ni ban yarda in ba tsohon inji rabin abincinsa ba alhali ban san ingancin man da ke cikin robar da aka sayar mini ba. Hayaƙi ya fi mini bugun inji. A ɓangaren sarƙa kuwa zan faɗi laifinmu da bakina: baƙin man da aka juye daga mota muke ɗura wa tankin, saboda araha, kuma dattin da ke cikinsa shi ke cinye famfon mai da bakin takobin da sarƙar ke zagayawa. Ina da yaƙinin in ka buɗe tankin Baba za ka tarar da baƙin kwalta a ƙasa. Ka wanke shi da kananzir har sai ya fito fes, sannan ka danna famfon hannu ka ga ko mai yana fitowa.

Abu na ƙarshe da ba zan yi shiru a kansa ba shi ne, wannan inji ba shi da birkin sarƙa irin na injunan yanzu. Idan saman bakin takobin ya taɓa itace, injin yakan yi tsalle ya dawo wa mai riƙe da shi kafin ƙiftawar ido, kuma babu abin da zai tsayar da sarƙar. Kansa kaɗai ya haura kilo 10 ba tare da takobi da mai ba, ga jijjiga. Ni yau in sanyin hunturu ya sauko yatsuna biyu na hannun hagu fari suke yi, ba na jin tasbaha a cikinsu. Ka tayar da shi a ƙasa, ƙafarka tana danne da shi, kuma ranar yankan farko ka nemi wanda ya taɓa riƙe irinsa ya tsaya kusa da kai.

Bakanike daga Kaduna ya sake amsawa:

Tsohon ma'aikacin kurmi ya yi gaskiya a kan magnesiyam, kuma ba zan yi jayayya da shi a kan 25 da 1 ba, sai dai in ƙara da cewa yawan mai ba ya ceton injin da ke shan iska ta ɓarauniyar hanya. A kowane gefen karanshaf, wato sandar da fistin ke juyawa, akwai sil na roba mai hana iska shiga, kuma bayan shekara 15 sun bushe sun yi tauri. Idan suna yoyon iska, injin zai tashi da kyau, ya yi ta ƙara gudu shi kaɗai, mai shi yana murna wai ƙarfi ne, alhali fetur ne ya yi masa kaɗan, bayan ɗan lokaci fistin ya narke. Ka sauya su duka biyun ko da sun yi maka kyau a ido, in kuma da mai na'urar gwaji a kusa, a toshe ƙofofin a hura masa iska mai matsin rabin bar a ga ko allurar na'urar za ta tsaya. A lokacin ne kuma za ka girgiza karanshaf ka ji ko boris ya yi wasa.

Kafiretar tsofaffin galibi Tillotson ce samfurin HL, kuma ba sabuwa take bukata ba, sababbin fatun roban cikinta take so, domin su ne ke zuƙo mai kuma su ne ke bushewa kamar ganda. Ka ɗauki hoto a kowane mataki, saboda juya jerin fata da gaskit shi ne kuskuren da ya fi yawa. Sukurorin H da L, masu daidaita yawan man da ke shiga, ka ɗaure su a hankali har su taɓa, ka kwance kowanne wajen zagaye ɗaya, daga nan a daidaita da kunne. Za ka ga wani ɗan faifai kusa da fankar injin da aka haɗa da kafireta; shi ne gwamna mai hana injin wuce gudunsa, kada ka bari wani ya cire shi da sunan ƙara ƙarfi. In babu wuta a fulogi, kada ka yi saurin yanke wa koyil hukunci. Idan mai kwantak ne, wato ƙarfen da ke buɗewa da rufewa don ba da wuta, ka goge bakinsa ka sa tazarar milimita 0.35 zuwa 0.4, ta fulogi kuma 0.5, sannan ka duba kondensa da wayar da ta tsage. Ana cire fankar da abin zarewa na musamman, ba da guduma ba. Sarƙar kuwa ka manta da ita, ka sayi sabuwa mai awon .404 da magagari zagayayye na milimita 5.5.

Magajin Mai Katako ya dawo:

Allah ya saka muku da alheri, Baba tsohon ma'aikacin kurmi da Malam bakanike. Na yi awon tsinke har sau uku, kullum yana ba ni 58, don haka na bar maganar 090. A jikin kaskon na sami Made in West Germany bayan na goge dattin, amma murfin igiyar ba shi da suna ko lamba, kuma fentinsa ya saɓa da na sauran, da alama Baba ya taɓa sauya shi da na kasuwa. Fistin yana da zane biyu marasa zurfi waɗanda farce ba ya kamawa, bangon silinda kuma sumul yake, saboda haka ringi kawai zan saya. Yoyon fetur ɗin daga wani rami ne da bai kai ƙwayar gero ba a ƙasan tanki, daidai inda farin garin ya taru, kuma tankin man sarƙa yana nan da kwaltarsa kamar yadda aka faɗa.

Ƙanena yana so mu yi masa sabon fenti, amma a jikin mariƙin gaba akwai wurin da tafin hannun Baba ya cinye fentin har ƙarfen ya yi sheƙi, kuma na ce masa wankewa kawai za mu yi. Yanzu abin da ya tsaya mini shi ne fankar: na kwance notin amma ta ƙi motsi, ba ni kuma da abin zarewa. Shin na janareta ko na babur zai iya shiga zaren nata, ko sai na kai wa mai injin gurza ƙarfe ya ƙera mini?