Taƙaitaccen Abin da Masu Gahawa Suka Tattauna a Tudun Wada

A zaman da wasu masu sha'awar gahawa suka yi a Tudun Wada, Zariya, an fara da bambance iri biyu: Arabika, wadda ake nomawa a wurare masu tudu da sanyi kamar tsaunin Mambila, da Robusta, wadda ta fi ɗaci da ƙarfi.

Maganar tsintar ƙwayar gahawa ba ta ɗauki lokaci ba: a fitar da tsakuwa da ƙwayar da ƙwaro ya huda, sannan bayan suya a cire duk wadda ta ƙi yin duhu, domin ba ta nuna ba tun a gona.

Suya ce ta jawo doguwar muhawara. Abin da ake kira fashewar farko shi ne ƙarar da ƙwaya ke yi idan zafinta ya kai kusan digiri 196, kamar gugguru; wanda ya sauke kasko nan kusa zai sami gahawa mai ɗan tsami da ƙamshi, wanda kuwa ya jira fashewa ta biyu zai sami baƙa mai maiƙo da ɗaci. A ganina, yawancinmu muna wuce gona da iri a nan.

Wajen haɗawa, an ba da shawarar a niƙa daidai wadda za a sha, kuma a bar ruwa ya ɗan huce zuwa digiri 90 zuwa 96 kafin a zuba.