Nutso a Zanzibar da ƙaramin guzuri: ta ina ake farawa daga Yamai?

Na Bukoki:
Assalamu alaikum jama'a. Ina da hutun sati biyu, ina son in rataya jaka in je Zanzibar in ga murjani a ƙarƙashin teku da idona. Kuɗin ba su da yawa, iyon da na iya kuma na gulbi ne. Waɗanne takardu ake nema? Wane wata ya fi? Kuma dole ne sai na yi kwas ɗin nutso da tulun iska, ko gilashin fuska da bututun numfashi sun isa?

Ɗan Adar:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Fara da biza kafin ka taɓa kuɗin jirgi. Zanzibar tsibiri ne na ƙasar Tanzaniya, Nijar kuwa na cikin ƙasashen da Tanzaniya ba ta ba ƴaƴansu biza a filin jirgi, sai an nema ta intanet an jira amincewa, shi ya sa ake shigar da takardu kamar wata biyu kafin tafiya. Wanda ya riga ya sayi tikiti mai araha, irin wanda ba a canza masa rana, shi ne ke asara idan amsa ta yi jinkiri.

Katin rigakafin shawara, mai ruwan ɗorawa, ya kasance cikin fasfonka. Tun 1 ga Oktoba 2024 kuma Zanzibar ta wajabta wa baƙi inshora tata ta kanta, dala 44, dalar Amurka nake nufi, ba tamu ta kasuwa ba. Ana biya ta intanet kafin a sauka.

Hanya mafi sauƙi ita ce jirgin kamfanin Ethiopian daga filin jirgin Diori Hamani, a sauya a Adis Ababa. Sefa ba ta da mai canji a can. Ka riƙe yuro ko dala sababbin bugu, don tsofaffin takardun dala ana ƙin karɓarsu, sannan ka canza kaɗan kaɗan zuwa shilin. Daga cikin birnin Zanzibar, motocin haya da suke kira dala-dala suna tashi daga wajen kasuwar Darajani zuwa ƙauyukan bakin teku, kuɗinsu bai kai kusa da na tasi ba. Abinci ba matsala, mafi yawan mutanen tsibirin Musulmi ne. Ci inda ƴan gari ke ci.

Kada ka je daga Maris zuwa Mayu, lokacin babbar daminarsu ke nan, ruwa ya gurɓace, masaukai da yawa a rufe. Satumba da Oktoba sun fi, ko Janairu da Fabrairu.

Malam Mai Nutso:
Ƙanena, amsar tambayarka ta ƙarshe: gilashi da bututu sun isa ka ga murjani, domin murjani mai gina duwatsu haske yake bi, mafi kyawunsa na cikin ruwa marar zurfi. Amma in har tulun iska kake so, to a nan ne ba a neman rangwame. Rage kuɗin ɗaki, rage na abinci, kada ka rage na malami.

Kwas na farko kwana uku ne zuwa huɗu: karatu, gwaji a ruwa marar zurfi, sai nutso huɗu a teku. Takardar da za a ba ka iyakarta mita 18. Kafin nan za a sa ka yi iyo mita 200 ba tsayawa, ka kuma zauna a saman ruwa minti 10. Wannan tun a Yamai za ka gwada shi, a wurin iyo na otal, don kada ka biya kuɗi can ka kāsa. Akwai kuma nutson ɗanɗano na yini guda, malami na riƙe da kai, ba a wuce mita 12. Ga mai ƙaramin guzuri ni shi nake ba da shawara a fara da shi.

Ga abin da ya sa karatun ya zama dole. Kowane mita 10 na zurfi yana ƙara matsi daidai da na iskar da ke kanmu a tudu. Wato a mita 10 matsin ya ninka biyu, a mita 20 sau uku. Iskar da ka cika huhu da ita a mita 10, in ka riƙe numfashi ka taso, kafin ka kai sama ta kumbura ninki biyu, huhu kuwa ba ya jure wannan. Don haka ba a riƙe numfashi ko sau ɗaya. Haka kuma tulun da aka cika bar 200 (bar shi ne ma'aunin matsin iska) yana ƙarewa sau uku da sauri a mita 20 fiye da a sama. Ido na kan agogon iska, ka fito da saura bar 50.

Kunne shi ke fara kayar da sabon shiga. Toshe hanci da yatsu ka hura a hankali tun daga mita na farko, kowane mita ka sake, kafin zafi ya zo. In ya ƙi buɗewa, ɗan taso sama ka sake gwadawa, kada ka matsa da ƙarfi, dodon kunne na iya fashewa. Mai mura ba ya nutso. Wanda ya baro Yamai cikin hunturu da hanci a toshe ya jira ya warke. Maganin buɗe hanci yaudara ne, yana iya sakin mutum yana ƙasa, iska ta maƙale a kunne wajen tasowa.

Tasowa a hankali ake yi, a tsaya a mita 5 na minti 3, saboda iskar naitirojin da ta shiga jini ta fita sannu. In an yi gaggawa sai ta yi kumfa kamar lemun kwalba da aka buɗe da sauri: ciwon gaɓoɓi, jiri, wani lokaci shanyewar jiki. Dalilin ke nan da ba a hawa jirgin sama sai bayan awa 18 aƙalla ga wanda ya yi nutso fiye da ɗaya, gara ma a cika yini guda. Ranar ƙarshe ta yawon gari ce.

Kafin ka biya, duba shagon. A nuna maka tulun iskar asibiti ta gaggawa a cikin kwalekwale. Shaƙi iskar tulunka: in ka ji warin mai ko hayaƙi, injin cikawa ya gurɓata ta, ka ƙi. Ja numfashi uku masu ƙarfi kana kallon allurar agogo, in tana rawa to ba a buɗe tulun sosai ba ko kayan na da matsala. Tambayi kuma ɗalibai nawa malami ɗaya ke ɗauka.

Maman Nafisa:
Malam ya yi bayani, Allah ya saka. In ƙara abin da ya shafe mu mu ƴan nan: sikila. Mai amosanin jini ba ya nutso da tulu, kuma da yawa ba su taɓa gwada jininsu ba. Mai asma, ko farfaɗiya, ko ciwon zuciya, sai likita ya sa hannu, mai ciki kuwa ta haƙura. Maganin rigakafin zazzaɓin sauro mai suna mefloquine yana kawo jiri da ake ruɗawa da ciwon nutso, a faɗa wa likita abin da za a je yi. Ƙishirwa ma na ƙara haɗarin, don haka kada a haɗa nutso da azumi.

Ga mata, rigar nutso mai dogon hannu da hularta tana rufe jiki duka. Mayafi mai yawo yana sarƙewa da igiyoyin numfashi.

Ɗan Adar:
Batun wuri na manta. Gabas, wajen Paje da Jambiani, ɗakunan kwana na haɗaka sun fi yawa, amma teku na janyewa nesa sau biyu a yini, kuma filin da ya bari cike yake da bushiyar ruwa, sai da takalmin roba. Nungwi da Kendwa a arewa ana iyo kowane lokaci. Murjanin tsibirin Mnemba daga ƙauyen Matemwe ya fi kusa, tsibirin kansa dai ba a sauka a kai. In ka ji an ce tsibirin Pemba, gaskiya murjaninta ya fi, sai dai jan ruwanta ba na ɗan koyo ba ne.

Malam Mai Nutso:
Haka ne. Sannan ƙanena, abin da za ka gani ba dutse ba ne, halitta ce mai rai, ƴan ƙananan dabbobi da tsiro ke zaune cikin namansu yana ciyar da su. Masu kama da curin dutse kusan santimita ɗaya suke ƙaruwa a shekara, bugu ɗaya da filafilin ƙafa na karya aikin shekaru. In ruwa ya ɗumama fiye da kima na makonni sai su kori tsiron su yi fari fat, kamar yadda ya faru a tekun Indiya a 1998. Kada ka tsaya a kansu, kada ka ɓallo ka sa a jaka. Akwai ma mai ƙuna kamar wuta in ya taɓa fata.

Gilashi shi kaɗai ya cancanci ka saya naka. Ɗora shi a fuska ba tare da igiya ba, ja iska ta hanci: in ya manne, naka ne. Sabo a goge cikinsa da man goge baki don kada ya yi hazo. In kana da gashin baki, ta nan ruwa zai riƙa shiga, rage shi daga ƙarƙashin hanci kafin ka tafi.