Neman shawara: zan iya lanƙwasa kan kekena a gida?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na sayi keken gwanjo mai giya, kansa miƙaƙƙe ne sambal. In na yi tafiya mai nisa sai bayana ya riƙe saboda duƙawa, wuyan hannu ya yi tsami. So nake in lanƙwaso bakin biyu su dawo wajena kamar na Phoenix, amma ba ni da injin lanƙwasa fayif. Akwai dabara?

Mai gyaran keke: Wa alaikumus salam. Malam, kafin komai ciro mayen ƙarfe daga tsohuwar sifika ka ɗora a kan. In ya kama, ƙarfe ne, akwai magana. In bai kama ba, galibi alminiyam ne, ka rabu da shi. Shi ba ya yafe lanƙwasa. Zai tsage ta ciki ba ka gani ba, sai ranar da ka faɗa rami da gudu ya ɓalle a hannunka.

Mai walda: Oga ya faɗi gaskiya. In ƙarfe ne, kwance shi, cire birki da robar hannu. Tankaɗe yashi, ka soya shi a kasko ya bushe ƙarau. Toshe baki ɗaya da guntun itace, ka riƙa zubawa kana bubbuga fayif ɗin a ƙasa har yashin ya daina sauka, sannan ka toshe ɗayan. Yashin nan ne ke hana shi lotsewa ya zama kamar karan da aka karya. Sai ka maƙala shi a gwafar bishiya mai kauri, ka zura wani fayif da ya fi shi faɗi a bakin, ka ja a hankali, kana matsawa kaɗan-kaɗan. Zana siffar da kake so da alli a siminti, don ɓangarorin biyu su zo daidai. Kuma in ka zarce, kada ka mayar. Kai-komo ke gajiyar da ƙarfe.

Wani ɗan uwa: Ai da ya kai wa maƙeri a gasa masa, ya huta.

Mai walda: Wuta za ta ƙone farin jikinsa, tsatsa ta shiga. In kuwa yashin na da danshi, tururi zai harbo toshiyar.

Mai gyaran keke: Ka bar wajen riƙo a miƙe, kauri milimita 22.2 yake, in ya lotse hannun birki ba zai shiga ba. Wayar birki da ta giya ma za su iya yin gajarta. Ni dai da ƙanena ne, sabon kai zan saya masa. Auna tsakiyar naka kawai, wasu 25.4 ne, wasu 31.8.

Mai tambaya: Na gode, Allah ya saka da alheri. Na gwada yanzu, mayen ƙarfen bai kama ba. Gobe in sha Allahu zan kwance shi in tafi da shi wajen masu kayan keke a auna.