Wace taya ce ta fi kama ƙasa a filin tsere, wadda kuma doka ta yarda a hau titi da ita?

Sabon Shiga ya rubuta:

Assalamu alaikum, magabata da 'yan'uwa a wannan harka. Ina neman shawararku a kan wani al'amari da ya tsaya mini a rai tun fitata ta uku zuwa filin tsere, wato irin ranakun da ake buɗe fili ga masu motocin gida su shiga su yi ta zagaye ba tare da gasa ba. Motata ƙarama ce mai jan gaba, nauyinta bai wuce kilo 1,300 ba, tayoyinta kuma 225/45 R17 ne, wato masu faɗin milimita 225 a kan rim mai inci 17, irin na zirga-zirgar yau da kullum. A zagaye uku ko huɗu na farko komai yana tafiya daidai, amma daga nan sai gaban motar ya fara ƙin bin sitiyari, ina murɗawa a kwana tana neman miƙewa, tayoyin kuma suna ta kuka. Da na fito na durƙusa na duba, sai na tarar gefen waje na tayoyin gaba ya cinye har ya kusa taɓa rubutun da ke jiki, robar ta yi shuɗi-shuɗi, ga 'yan dunƙule-dunƙule sun manne mata, alhali tsakiya da gefen ciki suna nan da zanensu.

Da wannan motar nake zuwa aiki, ita nake tuƙawa tafiyar kusan awa biyu zuwa filin, in kuma dawo da ita, saboda haka tayar tsere marar zane ba ta cikin lissafina. Ina son wadda ta fi kowace kama ƙasa a cikin waɗanda doka ta amince da su. Na ji ana ambaton Toyo Proxes R888R da Michelin Pilot Sport Cup 2 da Yokohama Advan A052 da Hankook Ventus RS4, an kuma ce mini in duba lambar da ke gaban kalmar TREADWEAR a jikin taya, domin wadda lambarta ta fi ƙanƙanta ita ta fi riƙo. Shin haka abin yake?

Tsohon Hannu ya amsa:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Bari mu fara da maganar doka, domin ita ce mai sauƙi. A jikin taya za ka ga harafin E a cikin da'ira tare da wata lamba, wanda ke nuna ta cika ƙa'idar da ake bi a Turai da ƙasashen da suka ɗauki tsarin, lambar kuma tana nuna ƙasar da ta ba da amincewar, kamar E1 na Jamus ko E4 na Holan. A Amurka kuwa alamar DOT ake nema. Sai dai ka sani cewa alamar kaɗai ba ta isa shaida ba, domin akwai tayoyin gasa irin na Hoosier masu ɗauke da DOT waɗanda kamfanin da kansa ya bayyana cewa ba don hawa titi aka yi su ba. Bayan alamar, zurfin zane kada ya yi ƙasa da milimita 1.6 a ƙasashen da ke bin ƙa'idar Turai, sannan lambar ɗaukar nauyi da harafin gudu kada su gaza abin da aka rubuta wa motarka. Idan ka ga 91W, ma'anarsa kowace taya tana ɗaukar kilo 615, tana kuma jure gudun kilomita 270 a awa. Idan kuwa harafin Y ne a maimakon W, kilomita 300 ne a awa.

Maganar lambar nan da aka ce ka duba, akwai gaskiya a ciki, amma ba ta kai yadda aka faɗa maka ba. Tsarin na Amurka ne, ana kiransa UTQG, kuma abin da yake aunawa shi ne saurin cinyewar taya idan aka kwatanta ta da wata tayar gwaji da aka ba maki 100, bayan tafiyar mil 7,200 a kan titunan jihar Texas. Ba riƙon ƙasa yake aunawa ba. Abu na biyu, kamfani ne ke sa wa tayarsa lambar da kansa, kuma an hana shi ƙarawa fiye da abin da gwaji ya nuna amma ba a hana shi ragewa ba, don haka 200 ta wannan kamfani ba lallai ta zama daidai da 200 ta wancan ba. Abin da ya ƙara dagula lissafin shi ne, wasu rukunan gasar 'yan sa-kai a Amurka sun kafa 200 a matsayin mafi ƙarancin lambar da za a shiga da ita, sai kamfanoni suka duƙufa wajen yin tayoyi masu ɗanko ƙwarai suna manna musu 200 ɗin. Shi ya sa ba abin mamaki ba ne ka ga A052 ko Bridgestone Potenza RE-71RS, masu lamba 200, sun riga tayar da ke da lamba 100 kammala zagaye.

Ni ina kasa su gida uku. Akwai tayoyin titi masu ƙarfi irin Michelin Pilot Sport 4S mai lamba 300, waɗanda suke da kyau a ruwa amma zafi yana cin ƙarfinsu idan aka daɗe ana matsa musu. Akwai rukunin 200. Sai kuma na can ƙasa, irin R888R mai 100 da Pirelli P Zero Trofeo R mai 60, waɗanda rabinsu tayar tsere ce. A wurin mutum irinka rukunin 200 nake ba da shawara, amma shi ma iri biyu ne, kuma a nan ne zaɓin gaskiya yake. Wasu an yi su ne don su ba da iyakar riƙonsu a zagaye biyu ko uku, daga nan zafi ya sa su yi laushi su fara zamewa. Wasu kuma, irin RS4, riƙonsu bai kai na farkon ba a zagaye ɗaya, amma yadda suka fara haka za su ci gaba har a ɗaga tutar fita, shi ya sa masu tseren dogon zango suke son su. Kai da kake shiga na minti 20 sau biyar ko shida a rana kana koyo, irin na biyun ne zai fi yi maka amfani, domin mai koyo yana buƙatar tayar da halinta ba ya canzawa a ƙarƙashinsa.

Mai Geji ya amsa:

Na yarda da duk abin da Baba Tsohon Hannu ya faɗa, amma da izininsa zan ce Malam Sabon Shiga ya ɗan dakata da sayen taya tukuna, domin bayanin da ya yi na yadda tayoyinsa suka cinye ya nuna mini matsalar ba a robar kaɗai take ba. Idan gefen waje ya ƙare ciki yana nan, ma'anarsa tayar tana kwanciya a kan kafaɗarta a kwana, ba faɗinta gaba ɗaya ke taka ƙasa ba. Idan aka sa taya mai ɗanko a wannan hali, motar za ta ƙara karkata, kafaɗar ta ƙara shan wahala, a rana ɗaya ko biyu sai ka ga sabuwar taya ta lalace ta gefe guda.

Maganin farko shi ne kamba, wato yadda saman taya yake ɗan jingina zuwa cikin mota idan ka tsaya a gabanta kana kallo. Yawancin motocin gida suna fitowa da digiri ɗaya ko ƙasa da haka, alhali tayoyin fili suna son wajen digiri biyu zuwa uku a gaba, musamman a mota mai jan gaba, inda tayoyi biyun nan ne suke ja, suke juyawa, su ne kuma suke ɗaukar mafi yawan birki. Ka je wurin mai alaimen da ya san aikin, ka ce masa kana son wajen digiri biyu, ya kuma daidaita bakin tayoyin su miƙe sosai, domin karkacewar baki ce ta fi kamba cinye gefen ciki a tafiyar yau da kullum.

Na biyu shi ne iska, kuma a nan na fi ganin mutane suna asara. Duk ƙarin zafi na digiri 10 a ma'aunin Salshiyas yana ƙara wa iskar taya wajen bar 0.1 (bar ma'aunin matsin iska ne), don haka tayar da ka shiga da ita a bar 2.3 tana iya fitowa a 2.8 ko fiye, ta kumbura, abin da ke taka ƙasa ya ragu, ta fara santsi. Abin da nake yi shi ne in yi zagaye huɗu ko biyar, in shigo, kafin in cire hular kwano in bi tayoyin nan huɗu da geji in rubuta, sannan in rage har su kai abin da kamfanin tayar ya faɗa na lokacin zafi, wanda a yawancin irin waɗannan tayoyi bai yi nisa da bar 2.0 zuwa 2.4 ba. Ina kuma ja layi da alli daga zane zuwa gefen taya. Idan na dawo na ga allin ya goge har ya wuce ƙaramar alamar da ke nuna iyakar zane, na san iskar ta yi kaɗan ko kambar ba ta isa ba. Za ka lura tayar gaba da ke waje a yawancin kwanonin filin ta fi sauran zafi, don haka kada ka yi zaton lamba ɗaya za ta yi wa dukansu.

Na uku yana hannunka. Idan gaba ya fara zamewa ka ƙara murɗa sitiyari, goge robar kawai kake yi a kan kwalta, kuma daga nan ne shuɗin nan da dunƙule-dunƙulen suke fitowa. Ka rage gudu kafin kwana, ka ɗan sassauta sitiyarin idan ka ji kukan ya canza.

'Yar Damina ta amsa:

Yayyena, ni abin da ya fi damuna a tambayar shi ne tafiyar awa biyun nan ta zuwa da dawowa. Tayoyin da rabinsu na tsere ne suna fitowa daga kamfani da zane mai zurfin wajen milimita 5 ko 6, ba kamar na gida masu 7 ko 8 ba, ramukan da ke korar ruwa kuma kaɗan ne, domin an bar wurin ne ga roba. A kan kwalta mai ɗan danshi suna iya riƙewa sosai idan sun ɗumama, amma da zarar ruwa ya kwanta a kan hanya sai tayar ta hau kansa. Na taɓa dawowa daga fili da yamma da tayoyin da suka rage wajen milimita 3, hadari ya same ni a babbar hanya, ban kai kilomita 90 a awa ba sitiyarin ya yi sakwaf a hannuna na wasu daƙiƙu, ba abin da ke amsawa. Allah ya kiyaye, amma tun daga ranar na sayi rim huɗu na daban, nake ɗora tayoyin fili a bayan mota in canza a can, in mayar da na gida kafin in kama hanya. Wanda ba zai iya haka ba, ya duba takardar da Tarayyar Turai ta wajabta a manna wa taya, inda ake ba riƙon ruwa maki daga A zuwa E, kuma kada ya manta ya mayar da iskar da ya rage kafin ya bar filin, domin idan tayar ta huce za ta koma ƙasa da abin da ya dace da titi. Haka kuma irin wannan roba tana sandarewa idan sanyi ya yi ƙasa da digiri 7.

Sabon Shiga ya sake rubutawa:

Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara basira. Na gamsu zan fara da alaimen da geji, sannan in nemi ta rukunin 200 mai jure zafi. Saura tambayoyi biyu, Baba. Shin in ƙara faɗi zuwa 245 a kan rim ɗina mai inci 7.5? Sannan an yi mini tayin wasu guda huɗu da aka ɗan yi amfani da su, zanensu yana nan kusan cikakke, ko in karɓa?

Tsohon Hannu ya amsa:

Ka bar ta a 225, ƙanena. Inci 7.5 shi ne faɗin da aka auna 225/45 R17 a kansa, ita kuwa 245/40 R17 daga inci 8 take farawa. Idan ka matse taya mai faɗi a kan siririn rim, gefenta zai kumbura ya riƙa lanƙwashewa, sitiyari ya yi jinkirin amsawa, wato ka ƙara wa kanka matsalar da Malam Mai Geji yake ƙoƙarin raba ka da ita.

Tayoyin da aka yi maka tayi kuwa, zane ba ya faɗin shekarun irin wannan roba. Duk lokacin da taya ta yi zafi sosai ta huce, robar tana ƙara tauri, har ta kai inda za ka ga zane cikakke amma riƙon ya tafi. Ka duba lambobi huɗu na ƙarshen layin DOT: idan ka ga 1522, an yi ta ne a mako na 15 na shekarar 2022. Ka tambayi mai su ranaku nawa suka yi a fili da inda aka ajiye su, ka kuma danna farcenka a jiki. Mai rai tana lotsawa ta riƙe sawun farcen na ɗan lokaci, wadda ta mutu kuwa tana ƙyalli kamar robar bokiti. Idan bai iya faɗa maka adadin ranakun ba, ka bar masa.

Duk wadda ka saya, ka sani ƙarin riƙo ƙarin aiki ne ga birki da boris da shokozoba. Kafin fita ta gaba ka zuba sabon man birki, aƙalla mai matakin ingancin da ake kira DOT 4, wanda sabonsa ba ya tafasa ƙasa da digiri 230, ka duba kaurin takalmin birkin gaba, sannan ka cika baƙin mai zuwa layin sama na sandar awo, domin a doguwar kwana man yana taruwa gefe guda a cikin injin.