Muhawara: Abin Da Ɗalibi Ya Ji A Ransa Yana Da Gurbi A Nazarin Labari?

Shugaban Aji: Assalamu alaikum 'yan aji. Tun da aka dawo mana da takardun jinga ake ta ƙorafi a gefe, gara a yi shi a fili. Ni matsayina shi ne, "na ji daɗi", "ya ba ni haushi", "na tausaya mata" duk ba su da gurbi a takardar nazari. An koya mana jigo, zubi da tsari, salo da taurari. Da su ake feɗe labari, sauran kuwa hira ce.

Maman Biyu: Wa alaikumus salam, Shugaba. Takardata ce ta sha jan biro, don haka bari in fara. Labarin Kalala da Kalalatu na ɗauka daga Magana Jari Ce. Ga wanda bai kai wurin ba: maigida Kalala ya sa a gyara kaji saboda baƙo, matarsa Kalalatu ta yi ta ɗanɗane har ta cinye. Baƙo na isowa ta raɗa masa cewa wuƙar da mijinta ke wasawa shi za a illata da ita, ya ranta a na kare, ta juya ta ce wa mijin baƙo ya gudu da kajin. Na rubuta cewa na yi dariya, amma dariyar na wucewa sai raina ya sosu. Bawan Allah bai ci ba, bai sha ba, ya tafi da tsoro da sunan ɓarawo, ita kuwa ta goge bakinta. Malam ya rubuta a gefe: "Wannan ra'ayi ne, ina nazarin?"

Ɗan Katsina: Anti, ki yi haƙuri, ina bayan Malam. In kowa zai kawo abin da ya ji, da wane ma'auni za a ba da maki? Ke ranki ya sosu, ni har hawaye na yi don dariya. Waye ya ci, waye ya faɗi?

'Yar Damagaram: Don Allah ku koma ku dubi ginin littafin kansa. Me ya sa aku ke ba da labari a kashi na farko? Sarki Abdurrahman ya tafi yaƙi, Waziri na ƙulla makirci, Musa ɗan Sarki na son fita da dare, aku kuma ba shi da makamin tsare shi sai baki. Labarin da ya riƙe Musa har gari ya waye shi ne ya yi aikinsa. Wato Abubakar Imam da kansa ya ɗora littafin a kan abin da labari ke yi wa mai sauraro. To ta yaya za mu karanta shi a aji, sannan a ce mu yi shiru game da abin da ya yi mana?

Sannan ƙorafin Anti akwai nazari a ƙarƙashinsa. Manazarta sun daɗe da nuna cewa Imam ya ɗebo daga Alfu Laila wa Laila da tatsuniyoyin Turai ya rina su da Hausa. Wannan labarin yana da takwara a tatsuniyoyin Grimm na Jamus, kuma a can mai cinye kajin kuku ce a gidan ubangidanta. Imam ya mai da ita matar gida. Da wannan sauyin kaɗai nauyin abin ya canza, domin mu da muka tashi ana ce mana baƙonka annabinka, mun san mutuncin gida ne aka zubar, kuma uwargida ce ta zubar da shi. Sosuwar ran Anti daga nan ta fito.

Shugaban Aji: Madalla 'yar'uwa, amma kin lura abin da kika yi? Kin kwatanta labari biyu, kin nuna abin da marubuci ya sauya. Wannan kam nazari ne, ko ni zan ba ki maki. Anti ba ta yi haka ba. Kuma ba Malam ya fara wannan ra'ayin ba. Tun 1949 manazarta adabi Wimsatt da Beardsley a Amurka suka ce kuskure ne a auna rubutu da tasirinsa a zuciyar mai karatu.

'Yar Damagaram: A Amurkar kuma manazarciya Louise Rosenblatt ta riga su, tun 1938 take cewa ma'ana tana samuwa ne tsakanin rubutu da mai karanta shi. Gardamar ba ta mutu a can ba, bare a nan. Ni ba don Anti ta ce ranta ya sosu ba, da ban tsaya na tambayi dalili ba.

Malamin Firamare: Ƙannena, ku bar ni in sa baki. Na karɓi takardun wasu daga cikinku na karanta. Kusan duk jimla ɗaya ce: jigon labarin gargaɗi ne, marubucin ya yi amfani da karin magana, salonsa mai armashi ne. Za ka iya cire sunan labarin ka sa wani, babu abin da zai motsa. Wannan ya fi damuna nesa ba kusa ba. Takardar Maman Biyu ce kaɗai na karanta na tabbata mai ita ta zauna da labarin. Yaran da nake koyarwa ma, ranar da na ce su faɗi wanda suka fi jin haushi a labari, ranar suke komawa shafi suna neman hujja.

Ɗan Katsina: Yaya, ina jin maganarka, amma ka tuna da makon da muka karanta labaran Hikayata. A 2016 BBC Hausa ta fara shirya gasar nan ta gajerun labarai don mata, kuma yawancin labaran kan abin da ke ci mana tuwo a ƙwarya ne: auren dole, gudun hijira, cin zarafi. Me ajin ya yi? Aka yi ta Allah ya isa ga mugun miji, awa ta ƙare ba wanda ya ce uffan kan yadda marubuciya ta ƙulla labari cikin 'yan shafuka. Wannan ma tauye mata haƙƙi ne. Ta sha wahalar zaɓen kalma, mu muka tsaya shari'a da taurarinta.

Malamin Firamare: Wannan gaskiya ne, ban musa ba. Amma laifin na wanda ya tsaya a Allah ya isa ne. Da an tambaye shi wace jimla ce ta tunzura shi, da an shiga salo ba tare da an sani ba.

Shugaban Aji: To a kawo jimlar, a bar tunzurin a gida. Har yanzu ban ga abin da takarda za ta rasa ba in an cire shi.

Maman Biyu: Za ta rasa dalilin da ya sa na zaɓi wannan wurin na bar sauran, Shugaba. Zan sake rubutawa, zan kawo wurin wasa wuƙar da wurin da Kalala ya bi baƙon da gudu, zan kuma yi kwatancen da 'Yar Damagaram ta nuna. Amma layin da Malam ya ja wa biro yana nan, ba zan goge shi ba. Kuma ina da tambaya ga masu cewa jigon gargaɗi ne kawai: wa aka gargaɗa? In akwai inda aka wanke baƙon nan a labarin, a turo min lambar shafin.